SHIN A KAI WALIMA TEBURIN FARANSAWA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyarwa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Wata magana ta tashi a zaurukan Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina, har ta raba dattawa gida biyu. Wani attajiri ne mai safarar haja tsakanin Katsina da Maraɗi da Kwatano, Allah Ya kai shi ga yi wa ɗansa na fari aure. Yaron ya yi shekaru yana karatu a Faransa, ya komo da ilmi, ya kuma komo da ra'ayi. Ya ce wa mahaifinsa, cikin ladabi dai, wai walimar shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ta zama ta kowa da kowa, gidansu kuwa ya wuce nan. Abin da ya dace, in ji shi, a zaɓi mutum 12 a ɗauke su zuwa Abuja, a zaunar da su a wani babban gidan cin abinci irin na Faransawa, tun da ya ke abokin cinikin mahaifin, wani Bafaranshe da su ke hulɗa shekara da shekaru, ya yi alkawarin zuwa bikin. Ya ƙara da cewa ran da Alhaji ya tashi rama ziyara a Paris, to, kada ya karɓi mutumin ko'ina sai a gida mai taurari uku.

Attajirin bai amsa ba, bai kuma ƙi ba, sai ya fito da maganar zaure. Sashen dattawa suka ce haramun ne tun daga bakin ƙofa, abincin Nasara ba na Musulmi ba ne. Sashe suka ce mai dukiya da dukiyarsa, zamani kuwa riga ce. Dukansu sun yi gaggawa, gama yaron akuya biyu ya ɗaure da igiya ɗaya. Karrama baƙo daban, walimar aure daban, kowace da hukuncinta, sai an kwance su an duba kowace ita kaɗai. Amma kafin nan ya kamata a san shi kansa gidan da a ke gardama a kansa, domin ba a yanke wa abu hukunci sai an san kamanninsa.

Bakatsine ba baƙon Faransawa ba ne. Daga birni zuwa Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa tafiyar ba ta cika kilomita 100 ba, mutanen can kuwa 'yan'uwa ne, cikinsu har da zuriyar Katsinawan da suka ƙaura bayan birni ya faɗa hannun masu jihadi a 1807. Tun zamanin da kamfanonin CFAO da SCOA su ke awon gyaɗa a Maraɗi fatake suka san dogon burodin nan mai taurin ɓawo, suka san gahawa da madara da safe, suka san lissafin dala da jaka. Amma burodin tasha daban, teburin manya daban. Abin da yaron ya ke nufi wuri ne da ko a Faransa ba kowa ya ke taka shi ba, sai ran wata babbar hidima.

Asalinsa a Paris ya tsiro, wajen 1765. Kalmar da su ke kiran gidan da ita, restoran, da fari sunan romo ne, wanda a ke dafa wa raunana domin ya komo musu da ƙarfi. Masu sayar da romon suka zo da sabon tsari: kowa da teburinsa, kowa ya zaɓi abin da ya ke so daga takarda, kowane abu da kuɗinsa a rubuce. Bayan juyin mulkin 1789, da gidajen sarauta suka watse, masu dafa wa sarakuna da yawa suka rasa iyayen gida, suka shiga wannan sana'a. Abincin fada ya fito kasuwa ke nan, duk mai kuɗi ya saya.

Maganar taurari kuwa, labari ne da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya ji, gama dabarar 'yan kasuwa ce. Wasu 'yan'uwa biyu ne, André da Édouard Michelin, masu yin tayar mota a garin Clermont-Ferrand. A 1900 motocin Faransa duka ba su kai 3,000 ba, ciniki ba ya tafiya. Sai suka buga wani ɗan littafi suna raba shi kyauta ga direbobi, a ciki akwai taswira da inda a ke samun mai da masauki. Nufinsu mutane su yawaita tafiya, taya ta cinye, a komo a sayi sabuwa. A 1926 suka fara sa tauraro a gefen sunan gidan da abincinsa ya yi kyau, a 1931 suka mai da shi hawa uku. Ɗaya na nufin gidan ya yi kyau cikin ire-irensa, biyu ya cancanci a ratse hanya dominsa, uku kuwa ya cancanci a yi tattaki musamman. Mai karatu ya lura: tun daga tushe ma'aunin da tafiyar mota a ke yinsa. Duk da haka ba wasa ba ne. Masu dubawarsu a ɓoye su ke zuwa, su ci, su biya kamar kowa, kuma ba su jin nauyin kowa. Gidan Paul Bocuse da ke kusa da Lyon ya riƙe taurari uku tun 1965, mai gidan ya mutu a 2018, a 2020 suka cire ɗaya.

To, me tauraron ya ke aunawa? Kyan kayan da aka dafa, da gwanintar mai dafuwa, da haɗuwar ɗanɗano, da ɗorewar ingancin yau da gobe.  Bai tambayi yadda aka kashe dabbar ba, bai tambayi abin da aka zuba a miya ba, domin ba Musulmi aka rubuta wa littafin ba, kuma bai taɓa da'awar haka ba. Sa'an nan littafin bai kai ga auna gidajen Abuja ko Ikko ko Yamai ba. Sunan Faransanci a kan allon ƙofa mai fenti ne ya rubuta shi, suna kuwa ba ya dafa miya. Saboda haka Musulmin da zai zaɓi irin wannan gida ba daga tauraro ko suna zai fara ba. Daga madafa zai fara.

Babban abin da zai taras a madafar shi ne giyar inabi. Mutane da yawa suna zaton in an ɗauke kwalba daga kan tebur an gama, alhali kuwa giya ga Bafaranshe kamar daddawa ce ga Bahaushe, a cikin tukunya ta ke. Akwai sanannen abincinsu coq au vin, watau zakara cikin giya, sunansa ma ya tona shi. Akwai naman sa irin na ƙasar Burgundi, wanda a ke dafa shi sa'o'i cikin jar giya tare da gutsattsarin alade. Ban da waɗannan da ba su ɓoye kansu ba, akwai al'adar madafa wadda takardar abinci ba ta faɗa: in an soya nama a kasko, a kan zuba giya a kankare ƙanzon da ya kama, wannan ƙanzon shi ne tushen miyar. Kifi ma, da matafiyi ya kan gudu zuwa gare shi, sau da yawa da farar giya a ke haɗa miyarsa. Kayan zaƙi na ƙarshe, wasu a barasa a ke tsoma su, wasu a zuba musu ita a kunna wuta a gaban baƙi don ban sha'awa. A 2010, da hukumar UNESCO ta sa walimar Faransawa cikin al'adun duniya abin adanawa, ta siffanta ta da cewa da abin sha mai sa maye a ke buɗe ta, da shi kuma a ke rufe ta, tsakani akwai kwano aƙalla huɗu. Su da kansu ke nan suka shaida giya ba baƙuwa ba ce a wurin.

Yaron zai ce wuta tana ƙone ta. Wannan magana ta faɗi ta fuska biyu. Ta fuskar awo, wani bincike da aka yi a Amurka aka buga a 1992 ya nuna wadda aka kunna wa wuta kashi 75 cikin 100 na barasarta yana nan, wadda ta dahu minti 15 saura kashi 40, sai bayan sa'a biyu da rabi a kan wuta ta ke sauka zuwa kashi 5. Ta fuskar fiƙihu kuwa, ko da ba ta rage ko ɗigo ba, ba maye kaɗai a ke dubawa ba. Giya najasa ce a mazhabar Maliku, kuma duk wanda ya kai Mukhtasar na Shehu Khalilu ya san abinci mai ruwa-ruwa, kome yawansa, najasa kaɗan tana ɓata shi. Abin da aka yi sauƙi a kansa shi ne khallu, watau giyar da ta juye ta zama ruwan tsami, gama ta bar siffarta ta zama wani abu. Don haka ganyen da aka yayyafa wa khallun inabi ba laifi, miyar da aka zuba wa giya a kasko kuwa a bar musu kayarsu.

Alade ya fi sauƙin ganewa in ya zo da kamanninsa, amma ya kan zo a ɓoye. Kitsensa yana shiga niƙaƙƙen naman da su ke shafawa a burodi, gutsattsarinsa yana shiga ƙwai da wake da ganye, daga fatarsa kuma a ke tatsar yawancin danƙon nan jalatin da ke sa kayan zaƙi su daskare. Sai naman doki, wanda wasunsu su ke ci, mashahurin zance a mazhaba kuwa haramci ne.

Maganar yanka ita ce inda malamai suka daɗe suna kai da komo, kuma nan ne dattawan da suka ce haramun tun daga ƙofa ya kamata su sassauta murya. Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ahlul Kitabi, Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda yara ke karantawa a kowane zaure, ita ma ba ta ga laifi ga yankansu ba. Amma Khalilu ya gindaya sharaɗi: in mai yankan yana cikin masu cin mushe, ba a cin yankansa sai in a gaban idon Musulmi ya yi. Saɓanin tsoho ne. Shehu Ɗurɗushi, mutumin Andalus da ya zauna a Iskandariyya, mai Sirajul Muluki, ya rubuta risala sukutum yana haramta cukun Rumawa. Almajirinsa Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, wanda ya rasu a 543 ta Hijira, ya tafi ɗaya gefen a cikin Ahkamul Ƙur'ani, har ya ga halaccin kazar da Banasare ya murɗe wa wuya, tun da abincinsa ce. Da wannan zance ne Shehu Muhammadu Abduh, Muftin Masar, ya kafa hujja a 1903 sa'ad da ya amsa wa Musulmin Transvaal ta Afirka ta Kudu, kuma malamai suka yi masa ca. Malami da almajirinsa ke nan, ɗaya ya ƙi cuku, ɗaya ya ci kaza. Wanda ya san wannan ba ya saurin kafirta maƙwabcinsa a kan faranti.

Sai dai sanin saɓani ba izinin ci da ido rufe ba ne. Mafi yawan malaman mazhaba ba su bi Ibnul Arabi a wannan mas'ala ba, kuma halin mahautar Faransa ta yau ya ƙara nisanta ta. Doka ta wajabta a sumar da dabba kafin a zubar da jininta, shanu da bindiga mai ƙusa, kaji galibi da ruwa mai wutar lantarki, ba a keɓe kowa ba sai masu yankan addini, Musulmi da Yahudu. Ma'aikacin da ke riƙe da wuƙar kuwa ba wanda ya san ko Kitabi ne ko ba shi da addini sam. Tun 2002 doka ta sa gidajen abinci su bayyana ƙasar da naman sa ya fito. Sun faɗi inda aka haife shi, ba su faɗi yadda ya mutu ba. Wani abincin ma ba ya bukatar dogon nazari. Gidan La Tour d'Argent na Paris ya shahara da wata agwagwa wadda tun 1890 su ke ba kowace guda lamba, har suka cika miliyan a 2003. Irin wannan agwagwa maƙure ta a ke yi don kada jinin ya zuba, sa'an nan a matse gangar jikin cikin wani injin azurfa, a haɗa miya da jinin da barasa. Maƙurarriya, da jini, da giya, a faranti ɗaya. Abin alfaharinsu ne, ba su ɓoye shi ba, Musulmi ma kada ya ɓoye dalilinsa na wuce ta.

Ga wani abin mamaki kuma. Abubuwan da Bahaushe ya fi ƙyama a teburin nan, watau dodon koɗi da cinyar kwaɗo, su ne mazhaba ta fi sauƙi a kansu. Imamu Maliku ya ɗauki dodon koɗi kamar fara, in an kama shi da rai an dafa ba laifi. Kwaɗon ruwa kuwa cikin dabbobin ruwa a ke lissafa shi, dabbar ruwa ba ta bukatar yanka. Ashe abin da ido ya ƙi shari'a ta bari, farar miya mai ƙamshi da ido ya so ita ce abin tuhuma. Ƙyama ba hujja ba ce, sha'awa ma ba hujja ba ce. Ba wanda ya ce sai Alhaji ya ci kwaɗo, amma kada a hau mumbari da shi.

To, ga hukuncin akuya ta fari. Karɓar baƙo a irin wannan gida, ko a Paris ko a Abuja, bai haramta ba in an kiyaye abin da ya kamata, karrama baƙo kuwa aikin lada ne ko da ba Musulmi ba ne. Nan ne Faransancin yaron zai yi rana. Tun da ya ke manyan gidajen sai an kama wuri tun makonni kafin ranar, wasu har su karɓi kafin alƙalami, to, a wannan takarda ta kama wuri ya rubuta musu bukata dalla-dalla. Kada ya tambaya ko akwai giya a abincin, gama kuku da yawa ba su ƙirga wadda ta shiga tukunya, za su ce babu da zuciya ɗaya. Ya tambaya ko an zuba ta a miya ko a romon ƙashi, da wane mai aka soya, daga wace mahauta naman ya fito. Gidan da ya amsa a rubuce, ya ce ga abin da za su iya ga wanda ba za su iya ba, shi ne gidan, ko da tauraronsa ɗaya ne ko ba shi da ko ɗaya. Wanda ya ce kada a damu kome zai yi daidai, a nemi wani. A Faransa masallatai uku ne hukuma ta ba ikon tantance mayanka, watau babban masallacin Paris da aka buɗe a 1926, da na Évry, da na Lyon, kuma akwai gidaje masu dafa abincin Faransa da naman halal. A Yamai da Abuja matsalar yanka ta yi sauƙi, tun da galibin mahauta Musulmi ne, sai dai a bincika naman da aka shigo da shi daga waje. Giyar kasko kuwa tana nan ko'ina.

In ba a sami tabbas a kan nama ba, gasasshen kifi da man zaitun da lemun tsami ya wadatar, a roƙa a ware masa kasko. A guji tsarin nan da kuku ya ke jero ƙananan faranti bakwai ko goma bisa ganin damarsa, sai in ya yarda ya canja su, domin kowane faranti tambaya ce sabuwa, mai masauki ba zai wuni yana tuhumar boyi a gaban baƙonsa ba. Cin rana ya fi na dare, ya fi araha a yawancin gidajen, kuma zaman dare ya kan ci sa'a uku. Sauran abu ɗaya mai nauyi: an hana mumini zama a teburin da giya ke zagayawa, mai saye da wanda aka saya wa kuma suna cikin waɗanda hadisi ya ambata da la'ana. Saboda haka a nemi keɓaɓɓen ɗaki, a ɗauke kofunan giya, a kuma gaya wa baƙon tun kafin ranar, ba a kan tebur ba. Mutumin da ya yarda da kalmar Alhaji a kan kaya na miliyoyi ba zai ɓata rai don an shayar da shi ruwan 'ya'yan itace ba. Alhaji kuma ya sa riga mai ɗan hannu, gama hannun babbar riga da jerin kofuna ba su jituwa.

Ɗan kasuwa ba ya shiga wuri bai yi lissafi ba. A gida mai taurari uku a Paris, cin mutum ɗaya ya kan haura yuro 300, ban da abin sha. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne a ƙayyade, watau kusan jaka 197 ke nan kan kowane baki. Ladan boyi yana cikin kuɗin, doka ce, ba sai an ƙara ba. In mutum biyu ne ko uku, don ƙulla zumuncin ciniki, mai hali ya yi, ba a kira shi almubazzari ba. In kuwa mutum 12 ne a irin wannan farashi, yuro 3,600 ke nan, sefa ta haura miliyan 2 da dubu 300. Gidan Abuja zai yi ƙasa da haka, amma a ɗora masa jirgi da masauki. Mai shakka ya ɗauki jimlar ya tafi kasuwar Mai'aduwa, ya tambayi dillalai raguna nawa ke nan.

Wannan ya kawo magana ga akuya ta biyu, kuma a nan ba a tare da yaron ko kaɗan. Walima a mazhaba mustahabbi ce, bayan tarewa, kuma ba tsada a ke nema a cikinta ba. Abdurrahman ɗan Aufu, attajirin sahabbai, tunkiya guda aka nuna masa ta isa. Walimar Nana Safiyya, a kan hanyar komowa daga Khaibara a shekara ta 7, dabino ne da cuku da man shanu aka cuɗa bisa shimfiɗar fata. Abin da a ke nema shi ne bayyana auren, da addu'ar jama'a, da ciyarwa. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa ya aibata walimar da a ke kiran mawadata a bar matalauta, ya sa ta a ƙarshen abinci wajen muni. To, tebur mai kujera 12, wa zai zauna a kansa? Ba ladanin masallacin unguwa ba, ba tsohon da ya koya wa angon baƙi da wasali ba, ba direban da ya yi shekara 20 yana kwana a kan iyakar Jibiya da kayan Alhaji ba. Ba mugun nufi ne zai fitar da su ba, ƙirgen kujeru ne.

Har wa yau akwai abin da yaron bai hango ba. Amsa kiran walimar aure wajibi ne a kan wanda aka ambata da suna, amma Khalilu ya lissafa abubuwan da ke sauke wajibcin, cikinsu akwai samuwar abin ƙi a wurin, da rufe wa wanda aka gayyata ƙofa har sai an yi shawara a kansa. Gidan da kwalabe ke jere a bango, da mutum a bakin ƙofa riƙe da takardar sunaye yana duban mai shigowa sama da ƙasa, ya tara biyun. Liman da ya ɗaura auren yana da cikakken uzurin ƙin zuwa, in ya ƙi kuwa unguwa za ta ji, kuma ba limamin za a zarga ba. Jihar Katsina ta ɗauki shari'a tun 2000, an hana cinikin giya a cikinta. Mutum ya kwashi walimar ɗansa daga inda doka ta tsare masa ita, ya yi tafiyar yini ya kai ta inda sai ya roƙa a ɗauke kwalba, wannan ciniki ne da ba a gane ribarsa ba.

Walimar ƙofar gida, wadda yaron ya raina, ba a ƙirga mata baki. A yanka sa ko raguna, a tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, a soya waina da funkaso, a dama fura, a raba goro. Malamai su yi addu'a a zaure, 'yan kasuwa su zauna gefe, almajirai su zo da ƙoƙunansu ba wanda ya kore su. Sa'an nan akwai rabon da ba a gani daga waje, watau kwanukan da yara ke shiga da su gida gida, zuwa ga tsohuwar da ba ta iya fita, da mai takaba, da maƙwabcin da talauci ya hana shi rigar shiga taro. Waɗannan ba su zo ba, walimar ce ta je musu. Attajiri kuwa ya san abin da ɗansa bai kai ga sani ba tukuna. Iyaka ta rufe a Agusta 2019, ta sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, kaya suka tsaya, masu bin bashi suka taso. Waɗanda suka yi wa ɗan kasuwa haƙuri a irin waɗannan watanni, suka tsaya masa shaida, suka ranta masa ba takarda, mutanen tabarma ne, kuma suna riƙe da lissafin wanda ya kira su ran farin cikinsa.

Shi Bafaranshen ma ba a kyauta masa ba in aka kai shi Abuja. Mutum ya baro Paris ya zo Katsina, a ciyar da shi kwaikwayon abincin garinsu, wanda ya fi kowa a teburin sanin inda aka gaza? Mutanen da suka kai walimarsu gaban hukumar duniya don a adana ta sun san darajar abincin gado, za su gane na wasu in sun gan shi. A kira shi Ƙofar Marusa bayan La'asar, a zaunar da shi kusa da uban ango, yaron ya tsaya masa tafinta. A dai tanadar masa kujera, gama gwiwarsa ba ta saba da tanƙwasa ba, a ba shi cokali, a kuma gaya wa mata su ɗebar masa miya tun kafin a zuba barkono.